Jar Tofa da Albasar Kwaɗi

Ranar jajibirin babbar sallah ce, a shekarar da nake aji huɗu na firamare. Damina ta yi nisa, ganuwa ta yi kore, ƙasar tsakar gida ba ta gama shanye ruwan jiya ba. Ina tsugune a bakin rijiyar gidanmu da ke Mandawari ina wanke lallen da aka ƙunsa mini, sai na ji ragon layya ya yi wani irin kuka da ban taɓa jin dabba ta yi ba. Na waiga na gan shi yana tangaɗi kamar ƙafafun ba nasa ba ne, cikinsa ya kumbura, koriyar kumfa tana zuba daga bakinsa. Ya fizgi igiya har turke ya girgiza, ya kai ƙaho ya daki bango, sannan ya faɗi ta gefe yana shure-shure, laka tana fantsama a farin gashinsa. A gabansa akwai ragowar ciyawar da aka yanko masa da sassafe, kuma a cikinta na hango wani ganye mai faɗi, mai sheƙi, wanda ko a mafarki na gan shi zan gane shi. Ganyen furen Abba ne.

Gidanmu gidan gado ne, irin na cikin birni mai dogon zaure, wanda kakanmu ya bari. Sashe ɗaya namu ne, ni da Abba da Umma da ƙannena. Ɗaya kuma na Baffa ne, yayan Abba, da iyalinsa. Ɗakin Hajiya, kakarmu, yana tsakiya, ƙofarsa tana kallon rijiya. 'Ya'yanta ke nan su biyu, kuma ba ta da burin da ya wuce ta gan su a inuwa ɗaya. Duk sanda aka kawo mata labarin wani gida a unguwa da magada suka raba aka ja katanga, sai ta girgiza kai ta ce, "Ni dai ku bari a fitar da ni tukuna, sannan kowa ya kama gabansa." Mu yara mun haddace maganar kamar karatun allo, ba tare da mun san nauyinta ba.

A bayan rijiya akwai ɗan fili da bai fi girman ɗaki ba, shi kaɗai ne wurin da shuka take kamawa a gidan. A nan kakanmu yake ɗaure jakinsa a da, shi ya sa ƙasar take baƙa, mai laushi, mai ƙamshi idan ta jiƙe. Abba da Baffa suka raba filin biyu da jerin fasassun bulo. Babu wanda ya shuka yakuwa ko kuɓewa a cikinsu kamar yadda ake yi a maƙwabta, har matan unguwa suna yi wa Umma tsiya wai mazan gidanmu suna noman abin da ba a miya da shi.

Abba malamin firamare ne. A ƙauyen da ya fara koyarwa ya ga albasar kwaɗi tana fure a bakin fadama, ya haƙo 'yan ƙwayoyi ya kawo gida tun kafin a haife ni. A ƙasa kamar albasa take, sai dai ta fi ta girma, kuma kowa ya san ba a cin ta. Idan ruwan farko ya sauka, sai ta ɓullo da dogayen ganye, daga baya ta miƙo wani kara mai kauri, a kansa fararen furanni masu jan layi a tsakiya, kamar an ja musu kwalli da jan alli. Da yamma suke buɗewa, ƙamshinsu ya bi iska har ɗakin Hajiya. Akwai kuma wasu ƙanana masu ruwan hoda da wani abokinsa ya ba shi, waɗanda ba sa fitowa sai bayan an yi ruwa mai ƙarfi, mu muka sa musu suna 'yan bayan ruwa. Abba yana kula da su kamar masu jego. Yana dasa kowace albasa wuyanta a waje, kada ta ruɓe. Idan ta yi 'ya'ya a gefe, sai ya raba su da wuƙa, ya barbaɗa toka a ciwon, ya bar su su sha iska kafin ya mayar da su ƙasa. Idan fure ya wuce, ba ya yarda a taɓa ganyen ko da ya fara muni, wai ta ganyen albasar take tara abincin baɗi. Da rani kuwa komai ya bushe ya ɓace, gefensa ya koma ƙasa tsirara, ya hana a zuba ko ɗigon ruwa. Yakan ce, "Barci take yi, ba a tashin mai barci da ruwa."

Baffa ɗan kasuwa ne, yana sayar da yadi, mutum ne mai faɗin ƙirji da babbar murya, kuma shi ciyawa yake so. Yana da jema, wadda Hajiya take sa saiwarta a randa don ruwa ya yi ƙamshi. Yana da kyasuwa, wadda idan damina ta tsufa take fitar da gashi mai laushi, ja-ja, yana rausaya ko iska kaɗan ta taɓa shi. Na yarda gefen Baffa yana da kyau irin nasa. Idan rana ta karkata ta bi ta cikin ciyawar, sai ka ga kamar wurin yana numfashi. Shi kuma kulawarsa ta ƙarfi ce. Idan gindi ya yi kauri, da gatari yake tsaga shi. Da rani yana kwarara ruwa safe da yamma don kada kore ya yanke a gefensa. Idan bazara ta gabato, sai ya sare komai har ƙasa, ya tara, ya cinna wuta, wai ciyawa ba ta sabon tsiro mai kyau sai ta sha wuta. Yana yi wa Abba dariya yana cewa, mene ne amfanin abin da zai yi maka ado na 'yan kwanaki sannan ya shige rami rabin shekara. Abba kuma yakan amsa cewa ciyawa ko a bola tana fitowa, ba sai an roƙe ta ba.

A farko abin raha ne. Kowannensu a gefensa yake alwala don kada ruwan ya tafi a banza, sai ka gan su da asuba ko da la'asar sun tsuguna kusa da juna, buta biyu, suna jifan juna da magana, Hajiya tana jin su daga kan tabarmarta tana murmushi. Ni da Zinatu, 'yar Baffa, sa'ata, a nan muka yi rabin ƙuruciyarmu. Mu muke jan guga mu cika tulunan gida, mu share busassun ganye, mu kori kaji. Idan mun dawo daga Islamiyya muka gama 'yar gala-gala a zaure, sai mu zauna a kan bulon nan mu yi 'yar tsana da kara, mu yi mata gashi da kyasuwa, mu yi mata mayafi da furen da ya faɗo. Ni na fi son in kwanta rub da ciki ina kallon toho, ina jiran in kama lokacin da yake buɗewa. Ban taɓa kamawa ba. Kullum sai Umma ta kira ni wanke-wanke, in dawo in tarar ya riga ya buɗe.

Amma abin da ɗaya yake so shi ne yake kashe ɗaya. Ruwan da Baffa yake kwararawa da rani yana bi ta ƙarƙashin bulo ya ruɓar da albasar da ke barci. Wutar da yake cinnawa tana lasar gefen Abba ta ƙone wuyan waɗanda suke kusa. Irin kyasuwa yana faɗawa ko'ina ya tsiro. Duk da haka ana haƙuri, har ranar da Baffa ya shigo da wata ciyawa a leda, wadda ya saya wurin masu sayar da furanni a bakin titi. Kamar tofa take, sai dai bakin ganyenta ja ne wur, kamar an tsoma shi a jini. Hajiya tana ganinta ta ce tofa ba ta zama inda aka ajiye ta, amma Baffa ya ce wannan ta ado ce, ba irin ta daji ba ce.

Damina biyu kawai ta yi ta nuna halinta. Saiwarta fara ce, mai tsini kamar allura, tana tafiya ta ƙarƙashin ƙasa ba a gani. Ta wuce bulo, ta ɓullo a tsakiyar furannin Abba, nan da can, har ganyenta da nasu suka cakuɗe. Wata rana Abba ya ga wata albasa ta ƙi tsiro, ya haƙo ta, sai ga saiwar tofa ta huda ta daga wannan gefe ta fita ta wancan, cikin ya zama baƙin ruwa mai wari. Ya ɗauke ta a tafin hannu ya kai wa Baffa har sashensa. Baffa ya duba ya ce, a ƙasa mai ƙarfi ne yake rayuwa. Daga ranar raha ta ƙare. Abba, mutumin da ko ɗalibi bai cika duka ba, na gan shi da idona ya tafasa ruwa a tukunya ya bi layin bulo yana kwararawa a kan tofar, tururi yana tashi, ganyen yana lanƙwashewa. Washegari muka tarar an take kara guda mai toho, sawun babban takalmi a kansa. Zinatu ta tsinko gashin kyasuwa don 'yar tsanarmu kamar yadda muka saba, Baffa ya zaci Abba ne ya sa ta, ya zane ta da igiyar guga har bayanta ya tashi. Daga nan aka daina alwala tare. Kowa ya san lokacin da ɗan'uwansa yake fitowa, ya kauce masa.

Ragon nan kuwa Baffa ne ya yi kiwonsa tun yana ɗan ƙarami, da dusa da harawa da kanwa, da niyyar ya yi wa Hajiya layya da shi. Shi ne layyar gidan gaba ɗaya. Yana alfahari da shi, yakan kira maƙwabta su shigo su ga wuyansa. A safiyar jajibirin harawa ta ƙare, sai Baffa ya ɗauki lauje ya nufi filin. Ya yanki tasa ciyawar, sannan ya tsallaka bulo ya bi tofarsa har cikin gefen Abba, tunda a ganinsa duk inda ta tsiro tasa ce. Ya damƙo ya yanka, ya damƙo ya yanka, da tofar da ganyen albasar kwaɗi, har da wasu ƙananan albasa da suka tumɓuko. Ya zube wa ragon ya tafi kasuwa sayo kayan miya.

Ihun da na yi ne ya fito da mutanen gida. Umma ta kawo manja aka ɗura wa ragon, matar Baffa ta jiƙa kanwa, duk bai yi amfani ba. Aka aika kasuwa, Baffa ya shigo da gudu, hularsa a hannu. Ya durƙusa ya ɗaga kan ragon, ya ga idon ya fara juyewa. Babu abin da ya rage sai a yanka kada ya zama mushe. Ya karɓi wuƙa, Abba ya riƙe masa ƙafafu, wannan ne aikin ƙarshe da na ga sun yi tare a gidan. Jinin ya yi tsartuwa ya bi ƙasa, ya gangara cikin filin, ya taru a gindin bulo. Kowa ya san abin da aka rasa. Abin da aka yanka kafin sallar idi ba layya ba ne, kuma babu mai sa naman da guba ta kashe a bakinsa.

Baffa ya miƙe, ya tsinci ganyen nan mai faɗi daga cikin ragowar ciyawar, ya ɗaga shi. Muryarsa ba ta yi ƙarfi ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ya ce, "Habibu, gubar da ka dasa a gidan ubanmu ce ta kashe ragon Hajiya."

Abba ya ce, "Yaya, wa ya riƙe laujen? Ciyawarka ce ta shigo, hannunka ne ya yanko."

Baffa ya jefar da wuƙar ya ɗauki fartanya da ke jingine da rijiya, ya faɗa gefen Abba yana sara. Kowane sara sai albasa ta fito ta tsage biyu, farin cikinta yana tsalle, ruwanta mai yauƙi yana haɗuwa da laka da jinin rago. Abba ya riƙo rigarsa ta baya, rigar ta yage. Baffa ya juyo ya dake shi da ƙotar fartanya a haƙarƙari, na ji ƙarar kamar an daki ƙwarya. Abba ya faɗi a kan layin bulo, hannunsa ya faɗa kan guda, ya ɗaga ya jefa. Bulon ya sami Baffa a goshi, fatar ta dare, jini ya rufe masa ido ɗaya ya bi gemunsa. Mata suna salati, ƙannena suna kuka, Zinatu ta ƙanƙame ni har farcenta ya shige mini dantse. Baffa ya share ido da gefen hannu ya nufi babbar albasar da ke tsakiya, uwar sauran, wadda Abba ya fara kawowa daga ƙauye. Abba ya ja jiki da gwiwa ya ɗora hannun damansa a kanta. Ban sani ba ko ya zaci yayansa zai tsaya. Ban sani ba ko Baffa ya ga hannun. Fartanyar ta sauka.

Abba bai yi ihu ba. Ya ɗago hannun yana kallonsa kamar na wani ne, yatsu biyu babu, manuniya da ta tsakiya, jini yana fita da bugun zuciyarsa. Baffa kuma ya riga ya sake ɗaga fartanyar sama, kamar hannuwansa ba su sami labarin abin da suka yi ba. A lokacin ne Hajiya ta iso, tana dafa bango. Baffa ɗan farinta ne, ita kuma irin matan da ce masu alkunya, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Idan da mu take magana sai ta ce Baffanku, idan da Abba ne ta ce yayanka, idan da shi ne ta ce kai. Ranar ta tsaya a bakin filin, ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Usmanu." Na ga fartanyar ta sulale daga hannunsa ta faɗi a bayansa. Ya zauna daɓas a cikin laka, ya rufe fuska.

Maƙwabta suka shigo, aka ɗaure hannun Abba da ɗankwalin Umma, aka sa su biyun a mota ɗaya zuwa asibiti, don ita kaɗai aka samu a lungun. Ragon aka ɗora a baro aka fita da shi. Washegari gari ya cika da kabbara da hayaƙin babbaka, gidanmu kuwa ko wuta ba a hura ba. Maƙwabta suka yi ta aiko da nama a kwanuka, yana taruwa a ƙofar ɗakin Hajiya, ba ta ce a ɗauka ba, ba ta ce a mayar ba. Ni na zauna a bakin rijiya da sabon lalle a hannu, ina kallon filin. Ƙudaje sun rufe shi, fasassun albasa sun fara baƙi a rana, jar tofar kuwa tana tsaye a gefe, babu abin da ya same ta.

Bayan Abba ya dawo, dattawan unguwa suka zaunar da su a zaure, aka yi nasiha, Baffa ya nemi gafara yana kuka, Abba ya ce ya yafe, kuma na san da gaske yake. Amma yafiya ba ta hana ido gani. Kullum Baffa zai fita sai ya wuce Abba a tsakar gida yana koyon rubutu da hagu, yana jan baƙaƙe karkatattu a kan allo kamar ɗan aji ɗaya. Baffa ya daina cin abinci sosai, ya rame, ya koma fita tun duhu bai gama washewa ba don kada su haɗu. Hajiya tana kallon su duka. Wata la'asar ta aika aka kira Abba, ina zaune ina tsefe mata kai, ba ta ce in tashi ba. Ta ce, "Habibu, ka nemi gida. Idan kuka ci gaba da zama, ɗayanku zai mutu da ransa." Abba ya sunkuyar da kai ya tuna mata abin da ta saba faɗa. Ta ce ta sani, ita ta faɗa, ita kuma ta janye. Kafin azumi ya zagayo muka koma wani gida a wajen Ƙofar Kabuga. Hajiya ta yi 'yan shekaru bayan nan, muna zuwa mata ranar Juma'a, har Allah ya karɓi abinsa.

Yanzu an gina ɗaki a kan filin, an shafe ko'ina da siminti, kamar yawancin gidajen cikin birni. Idan na je wurin Zinatu, ƙamshin da nake ji na turaren wuta ne da na girki, ba na ƙasa ba. Gidanmu na yanzu yana da tsakar gida mai faɗi, ƙasa ce zalla, amma Abba bai taɓa dasa ko tsinke ba, share ta kawai yake sa a yi. Sai da na shiga jami'a na ga masu kula da lambu suna shuka furanni masu albasa da ciyawar ado a wuri ɗaya, sun binne fallen kwano a tsaye a tsakaninsu don saiwa ta kasa wucewa. Na daɗe a tsaye a wurin ina kallon bakin kwanon da ya ɗan leƙo daga ƙasa, abin da ko a bolar unguwarmu ana samu.

Baffa ya tsufa, muryarsa ta ragu. Kowace babbar sallah da yamma yana zuwa da kansa, ba ya aiko yaro, da cinyar rago a leda. Suna zama a ƙofar gida su gaisa, su tambayi iyali, su yi maganar ruwan bana. Abba yana jin sallamarsa, kafin ya fita, sai in ga ya saki hannun babbar rigarsa ya rufe damansa, kuma ba ya fito da shi har yayansa ya tafi. A gaban kowa yana barin hannun a fili, a masallaci, a makaranta, a kasuwa. Mutum ɗaya kawai yake ɓoye wa, don kada ya gani.

Wani zumuncin sai an ɗan nisanta yake rayuwa.